Abin da hoton tashar Barbès bai nuna ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan rubutun da kuka buga kwanan baya game da jiragen ƙasa na cikin gari masu bi ta kan gada. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Inda muka rabu da shi, ya ɗauki hawa saman shi ne abin yabo, kamar duk birnin da ya ɗaga jirginsa bisa ginshiƙai ya gama wayewa ke nan. Cikin hotunan da aka jera har da na tashar Barbès-Rochechouart ta birnin Paris. Ni tela ne, a unguwar Goutte d'Or nake ɗinki, kuma a wannan tasha nake sauka da safe, a nan nake hawa da dare, shekara da shekaru. Ina ganin ina da abin cewa.

Labarin tashar daga ganuwa ya fara. A 1784 aka soma zagaye Paris da wata ganuwa mai tsawon kilomita 24, wadda ba don yaƙi aka yi ta ba, don karɓar kuɗin ƙofa aka yi ta. Duk abin da zai shiga gari, nama ne ko itace ko giya, sai an biya masa haraji a bakin ƙofa. Talakawa sun tsane ta ƙwarai, har ƙofofinta suka fara cinna wa wuta a watan Yulin 1789, tun kafin su afka wa kurkukun Bastille. Bayan ganuwar ta wajen arewa akwai ƙauyukan Montmartre da La Chapelle, matsugunin leburori da masu ƙaramin ƙarfi, saboda can kaya ba su da wannan haraji. A 1860 aka haɗe ƙauyukan da birni, aka rushe ganuwar, wurin da ta bari ya zama manyan tituna masu faɗi da suka yi wa tsohon gari zobe.

Shekara arba'in bayan haka, ranar 19 ga Yulin 1900, aka buɗe layin farko na metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Fulgence Bienvenüe, mutum ne mai hannu ɗaya, ya rasa na hagu a wani haɗari a bakin aiki tun yana saurayi. Da aka zo shimfiɗa layin da zai zagaye gari, ba a sha wahalar neman hanya ba, ga sawun ganuwa nan a buɗe. Layi na 2 ya bi rabin zoben na arewa, layi na 6 ya bi na kudu. Saboda haka wanda ya tsaya a kan dakalin Barbès yau, a kan iyakar tsohon gari yake tsaye. Har yanzu ma iyaka ce, don gundumomi uku na birnin, ta 9 da ta 10 da ta 18, a ƙarƙashin ƙafarsa suka haɗu.

To me ya sa aka ɗaga shi? Layi na 2 ya fi kilomita 12, daga Porte Dauphine zuwa Nation, kuma mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa yake. Wajen kilomita biyu kacal ya yi a sama, da tasha huɗu: Barbès, La Chapelle, Stalingrad da Jaurès. Dalilin yana gabas da Barbès kaɗan. A nan layukan dogo masu fita daga manyan tashoshin Gare du Nord da Gare de l'Est suka ratsa, a cikin wawakeken rami ƙasa da titi, ga kuma mashigin ruwan Saint-Martin a gaba. Wanda zai bi ta ƙarƙashinsu sai ya nutsa ƙasa sosai, da kayan aikin wancan zamani kuwa wannan ba ƙaramin kuɗi da haɗari ba ne. Sai aka tsallake su ta sama. Jirgi yana barin tashar Anvers sai ya fara hawa, ya ɓullo tsakiyar titi, ya tsallaka layukan dogon a kan gadojin ƙarfe da tsawon wasunsu ya kai mita 75 babu ginshiƙi a tsakiya, yana wuce Jaurès kuma ya sake nutsewa. Da zarar larurar ta ƙare, hawan ya ƙare. Da burga ake nema da an bar shi a sama har ƙarshen layi.

Ban ce ba a ƙawata shi ba. Mai zanen gine-gine Jean-Camille Formigé ne ya tsara ginshiƙan ƙarfe da na dutse, da rumfunan gilashi a kan dakali, kuma aikin ya yi kyau, shi ya sa masu ɗaukar hoto ba sa gajiya da shi. Kusa da Jaurès ma gadar sai da ta yi lanƙwasa don ta kauce wa wani zagayayyen gini, ɗaya daga cikin ofisoshin karɓar harajin tsohuwar ganuwa da suka tsira. Duk wanda ke tsaye a cikin jirgi yana jin wannan kwana a gwiwarsa.

Sunan tashar kansa yakan ba ni dariya. An buɗe ta a 1903 da sunan Boulevard Barbès, daga baya aka liƙa mata sunan titi na biyu. Armand Barbès ɗan tawaye ne, haifaffen tsibirin Guadeloupe, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 1839 saboda yunƙurin kifar da sarki, aka sassauta masa, ya sha zaman kurkuku, ya mutu yana gudun hijira a ƙasar Holan a 1870. Ita kuwa Marguerite de Rochechouart 'yar manyan gida ce, shugabar gidan mata masu zaman ibada na Montmartre, ta rasu a 1727. Da sun yi zamani ɗaya ko gaisawa ba za su yi ba, ga shi an ɗaura su a allo guda fiye da shekara ɗari.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tashar ba ta cika shekara da buɗewa ba aka yi bala'in da har yau ba a yi kamarsa ba a metron Paris, kuma a nan Barbès ya faro. Ranar 10 ga Agustan 1903, da yamma, lokacin tashi daga aiki, wani jirgi ya shigo tashar yana hayaƙi, wayoyin injinsa sun haɗu. Taragun lokacin na katako ne. Aka sauke fasinjoji, wuta ta yi kamar ta mutu. Jirage sun yi layi a baya, mutane suna ta ƙorafi, sai aka yanke shawarar a janye shi daga hanya, aka tura shi gaba. Wutar ta sake tashi a hanya, ya gangara daga kan gada ya shige rami, aka kawo wani jirgin ya riƙa tura shi. A tashar Ménilmontant wuta ta kama gadan-gadan. Tasha ɗaya a baya, a Couronnes, akwai wani jirgin cike maƙil da mutanen da aka sassauke daga na gaba. Aka ce su fita, wasu suka tsaya gardama sai an mayar musu da kuɗin tikitinsu, santim 15. Ana cikin haka fitilu suka ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe tashar, ƙofar fita kuma ɗaya ce tak. Da yawa suka nufi ɓangaren da babu ƙofa, suka tarar da bango. Mutum 84 suka mutu, mafi yawansu a Couronnes.

Malam Edita, ka duba wannan al'amari da kyau. An ga hayaƙin ne a tashar da ke sama, a fili, inda iska za ta kwashe shi. Da jirgin ya ƙone ƙurmus a kan gada, da wataƙila asarar ta tsaya a katako da ƙarfe. Gaggawar buɗe hanya ce ta kai shi rami. Tsayin tashar ya ba su dama, waɗanda ke riƙe da aikin ba su yi amfani da ita ba. Bayan nan ne aka raba wayar fitilun tasha da wayar da ke jan jirgi, aka sa allunan nuna hanyar fita masu haske, aka shiga ƙara ƙofofi, aka kuma koma taragun ƙarfe. Ta Couronnes nake wucewa kullum, kuma idan na ga allon fita yana ci, na san da me aka saye shi. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya mayar da Barbès babbar tasha kuwa, a ƙarƙashin ƙasa yake, inda hotonku bai kai ba. Ranar 21 ga Afrilun 1908 aka buɗe sashen farko na layi na 4, daga Porte de Clignancourt zuwa Châtelet, ya ratsa ta ƙarƙashin gadar. Layi na 2 yana tafiya gabas da yamma, na 4 yana tafiya kudu da arewa, suka gicciye a nan. Mutum ya sauko daga dakalin sama, ya ratsa ta farfajiyar da ke daidai da titi, ya ƙara gangarawa, sai ga shi a wani layin, ba tare da ya sake biyan ko sisi ba. Bari in nuna maka abin da wannan 'yar gangara take buɗewa. Tasha ɗaya kudu ita ce Gare du Nord, wadda ta fi kowace tashar jirgin ƙasa a Turai yawan fasinja. Daga can ake hawa Eurostar zuwa Landan, da jiragen Beljiyam da Holan, daga can ake kama RER B, jirgin da ke haɗa gari da kewayensa, zuwa filin jirgin sama na Charles de Gaulle. Tasha ta gaba Gare de l'Est, hanyar Strasbourg da Jamus. Ka ci gaba ka isa Châtelet, cibiyar gari, ka bi ta ƙarƙashin kogin Seine, ka kai Montparnasse, tashar da aka haɗa sunanta da na Bienvenüe ɗin nan. Tun Janairun 2022 layin ya zarce har Bagneux. Ta arewa kuma tasha ɗaya ce zuwa Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka. A layin sama, ka yi yamma ka sauka a Anvers, gindin tudun Montmartre, ko ka zarce Étoile. Ka yi gabas ka bi Belleville da maƙabartar Père Lachaise har Nation.

Ma'ana, baƙon da ya sauka daga jirgin sama da jakarsa, canji ɗaya zai yi ya ga kansa a Barbès. Ina da yaƙinin wannan na cikin abin da ya riƙe unguwar a matsayin masaukin baƙi. Mutanen karkarar Faransa ne suka fara cika ta, sannan 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, sannan mu na kudu da Sahara. Wanda ke wanke-wanke a wani otal a yammacin gari, da mai share ofisoshi da asuba a kudu, da mai gadi a filin jirgi, duk suna iya kwana a nan su isa aiki a kan lokaci. Hayar ɗaki mai sauƙi ce ta jawo su, amma hanya ce ta zaunar da su. Ka kwatanta da La Chapelle, tasha ta gaba. Gada ɗaya, gini iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ita mahaɗarta wani dogon lungu ne da sai ka taka sosai kafin ka kai Gare du Nord, kuma mai kaya ya san bambancin.

Layukan biyu ma ba su yi kama ba. Na sama ƙafafun ƙarfe gare shi, tarago biyar, da direba a gaba. Na ƙasa tun shekarun 1960 aka mayar da shi kan tayoyin roba, yanzu kuma ba shi da direba sam, an gama wannan sauyi a farkon 2024, an sa ƙofofin gilashi a bakin dakali waɗanda ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya. An yi duk wannan aiki layin yana ɗaukar mutane, sai dai a rufe shi da wuri wasu darare ko wasu ranakun Lahadi. A wurina wannan ya fi ginin gadar wuya. Gina sabo kowa ya samu kuɗi zai yi. A canza wa tsoho ciki alhali jama'a na hawansa, sai wanda ya iya riƙo.

A dakalin ƙasan nan ne kuma aka yi wani abu da ya shiga littattafan tarihi. Ranar 21 ga Agustan 1941, lokacin da Jamus ke mamaye da Paris, wani saurayi ɗan gurguzu mai shekara 22, Pierre Georges, ya harbe wani ƙaramin hafsan sojan ruwan Jamus mai suna Alfons Moser yana shirin shiga jirgi, ya tsere. Ana lissafa shi a matsayin harin farko irinsa a birnin, kuma ramuwar da ta biyo baya ta ci rayukan fursunoni da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. An fi sanin saurayin da laƙabin Kanar Fabien. Bai ga ƙarshen yaƙin ba, ya mutu a Disambar 1944. A 1945 aka sa wa wata tasha sunansa, a kan layi na 2, ta huɗu daga Barbès in ka yi gabas. Yawancin masu wucewa ba su san alaƙar tashoshin biyu ba.

Daga kan dakalin sama ana hango gine-gine biyu da suka isa su ba da labarin unguwar. Ɗaya gidan sinima ne, Louxor, da aka buɗe a 1921 da ado irin na Masar ta dā. A shekarun 1970 finafinan Indiya da na Larabawa yake nuna wa baƙin unguwa, daga baya ya zama gidan rawa, ya rufe, ya yi shekaru yana lalacewa, sai hukumar birni ta saye shi a 2003, aka gyara, aka sake buɗewa a 2013. Ɗayan kuwa tsohon kantin Tati ne, wanda Jules Ouaki, mutumin Tunisiya, ya kafa a 1948, kantin talaka mai jaka ruwan hoda da fari. Akwai lokacin da in an ce Barbès, Tati ake nufi. Ya rufe a 2021. Kanti ya tafi, sinima ta mutu ta dawo, jirgi bai fasa tsayawa ba.

Kada a ce na zo tallar wurin. Gada tana da nata sharrin, kuma wanda ke zaune kusa da ita ne ya san shi. Akwai ƙara. Ƙarfe a kan ƙarfe a saman titi, daga wajen biyar da rabi na asuba har bayan tsakar dare, masu tagogi a hawa na biyu su ke sha. A layi na 6 sai da aka koma tayoyin roba a 1974, rage wannan ƙara na cikin dalilai. Na 2 bai samu wannan gata ba. Sannan akwai ƙarƙashin gadar, wuri mai duhu wanda in ba a ba shi aiki ba zai nemo wa kansa. Ranakun Laraba da Asabar da safe kasuwa ke ci a wurin, kayan lambu da kifi da 'ya'yan itace a farashin da ya fi na sauran gari sauƙi, ba masaka tsinke. Sauran ranaku kuwa sai abin da hali ya yi. A bakin ƙofar tasha samari masu sayar da taba ta bayan fage suna tare mutane suna kiran “Marlboro, Marlboro”, 'yan sanda su kore su, kafin motarsu ta sha kwana sun dawo. Masu yankan aljihu ma suna nan, duk wanda zai zo ya riƙe wayarsa da kyau. A 2015 da 2016 kuma ƙarƙashin wannan gada, wajen La Chapelle da Stalingrad, ya zama makwancin 'yan gudun hijira daga Sudan da Eritiriya da Afganistan, saboda nan ne kaɗai rufin da ba a biyan haya. Da aka tashe su a Nuwamban 2016, sun haura mutum 3,000. Wanda ya zana gadar bai yi tunanin wannan ba, amma duk mai shirin ɗaga jirgi sama ya kamata ya tambayi kansa tun farko: wa zai mallaki inuwar?

Abu na ƙarshe shi ne matakala, kuma shi ya fi damuna yanzu da gwiwa ta fara magana. Duk tashar da ke sama, ko ƙasa, sai an hau ko an sauka kafin a kai ga jirgi, mai canza layi a Barbès kuwa hawa biyu zai yi. Ga matashi wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai jan kayan cefane ranar kasuwa, ko uwa mai keken jariri, ko mai keken guragu, nan ne tafiyar take tsayawa. A duk layukan metron Paris, na 14 ne kaɗai mai keken guragu zai iya bi daga farko har ƙarshe, kuma shi sai a 1998 aka buɗe shi. Lokacin wasannin nakasassu na 2024 maganar ta taso da ƙarfi, har shugabar yankin Paris da kewaye, Valérie Pécresse, ta ce gyara tsofaffin layukan zai ci Yuro biliyan 15 zuwa 20 da kimanin shekara 20. Abin da aka ƙi sawa a cikin zane a 1903, jikokin jikoki ne za su biya shi, da tsada. Kuɗin shiga dai an daidaita shi tun farkon 2025, tikiti ɗaya na Yuro 2.50 a lokacin ya isa mutum ya bi metro da RER duk faɗin yankin, ban da zuwa filayen jirgin sama. Amma sauƙin tikiti bai amfani wanda ba zai iya kai kansa dakali ba.

Don haka roƙona, in marubucinku zai sake ɗauko wannan batu, ya sauko daga kan gadar, ya bi fasinja ɗaya daga bakin titi har ya zauna a cikin jirgi, ya ƙirga matakalar da ya taka, ya ga ko ƙofa nawa ce zai fita in wuta ta tashi, ya kuma tambaye shi jirgi na biyu da zai kama yana da nisa ko kusa. In ya samu zuwa Paris, ya zo ranar Asabar da safe, ya tsaya a gindin matakalar Barbès wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da masu cefane ke komawa gida.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Paris, Faransa